Shekara Ashirin da Bakwai a Ɗakin Innar Ƙasa

A gidan hayar nan mai hawa uku da ke bayan kamfanin ɗinki, Inna biyu ce. Akwai ta sama, wadda ba ta son a taka mata bakin ƙofa, akwai kuma ta ƙasa, wadda bakin ƙofarta ba ya rabuwa da takalman yara. Don a bambanta su ne aka riƙa cewa Innar Sama da Innar Ƙasa. Ta saman ta daɗe da tashi, amma sunan ta ƙasan ya bi ta, har mai kawo takardar wuta da shi yake kiranta.

Ba da niyya ta fara raino ba. Da can a kamfanin take, a layin masu ɗinka aljihu, shekara tara tana kan keke. Mijinta direban motar kamfanin ne. Ciwon kwana huɗu ya yi ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya mai shekara biyu, kuma ba ta da kowa a garin da za ta bar wa yarinyar. Sai ta riƙa shiga da ita wurin aiki a ɓoye, ta kwantar da ita ƙarƙashin tebur a kan guntayen yadi. Kwana uku asirin ya yi. Ran na huɗu yarinyar ta yi atishawa daidai lokacin da shugaban layi yake wucewa.

"Nan wurin aiki ne, ba gidan raino ba," in ji shi. "Ki zaɓi ɗaya."

Ta ɗauki 'yarta ta fita. Sati bai zagayo ba wata abokiyar aikinta ta ƙwanƙwasa mata ƙofa da sassafe, da jariri a kafaɗa. "Yaya, tunda kina gida, riƙe min shi yau kaɗai." Yau kaɗan nan sai da ta kai shekara huɗu, har yaron ya shiga makaranta. Kafin nan wasu sun ji labari. Masu ɗinki suka kawo nasu, masu shara a asibiti suka kawo, har da wata mai sayar da tikiti a tasha.

Ɗaki da falo ne, da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Ta fitar da kujerun falon, ta shimfiɗa tabarma da katifa biyu. Ta kafa ƙusa bakwai a bango, kowane yaro da inda ake rataye jakarsa, kowa da kalar kofinsa. Fo uku a jere a bayan ƙofa. Kafin jiniyar kamfani ta yi kuka da safe an gama kawo mata su, ba kuma ta miƙe ƙafa sai ta yamma ta yi kuka. Ba ta kiran yaro da sunan da iyayensa suka raɗa masa, ita take ba shi nata. Ta yi Direba, wanda murfin tukunya ne sitiyarinsa. Ta yi Alƙali, mai raba faɗa ya haɗa da cin abincin masu faɗan. Wasu sun girma har sun yi gemu, amma in sun haɗu da ita a hanya da wannan sunan suke amsawa.

Ba wanda ya ɗauki abin a matsayin aiki. Wata shekara wani ma'aikaci ya zo yana rubuta mutanen gidan, ya tambaye ta sana'a. Ta ce raino. Ya leƙa falon, ya ga yara bakwai da igiyar shanya cike da wanduna, ya yi rubutunsa. 'Yarta, wadda a lokacin take aji biyar, ta leƙa takardar, bayan ya tafi ta ce, "Inna, 'babu' ya rubuta." Inna ta yi dariya ta ce ai shi ya sa bayanta yake ciwo, zaman banza ya yi mata yawa. Amma maganar ta daɗe tana ci mata rai.

Haka aka yi shekara ashirin da shida. 'Yar ta girma, ta yi aure, aiki ya kai ta wani gari mai nisa. Kullum a waya sai ta ce, "Inna, ki rufe ɗakin nan ki taho ki huta." Kullum Inna sai ta ce, "To, bari wannan ya yi wayo." Kafin ya yi wayon an kawo wani.

A shekara ta ashirin da bakwai ne Malama ta zo. Matashiya ce, da jaka a kafaɗa, daga wata ƙungiya mai tallafa wa mata masu raino a gida. Ta bi layi tana tambayar inda ma'aikata suke barin 'ya'yansu, mai shago da mai faci da mai wanki duk suka nuna mata ƙofa ɗaya. Inna ta ga jaka da biro. Ta tare ƙofa.

"In rufewa kuka zo yi, ku fara zuwa kamfani ku gaya wa iyayensu."

"Ba rufewa na zo yi ba, Inna. Zuwa na yi in ga yadda kike yi, in kuma ji abin da yake ba ki wahala."

Ta cire takalmi ta zauna a tabarma har azahar. Ba ta rubuta komai ba, sai ma riƙe jariri da aka ba ta ya yi mata fitsari a siket. Da za ta tafi ta ce, "Shekara nawa kina wannan aikin?"

"Wane aikin?"

"Wannan. Abin da kike yi tun safe. Mu makaranta muka je shekara uku muka koyo, kuma ban iya rabinsa ba."

Inna ta kau da kai ta hau gyara kofuna, don kada Malama ta ga fuskarta.

Tsarin ƙungiyar ba shi da wuyar ganewa. Za a tara masu raino na unguwar kowace Asabar har sati goma sha biyu a koya musu. Za a ba kowacce kayan aiki: akwatin agajin gaggawa, tukunyar kashe gobara, ɗan tebur gajere, littattafai masu hotuna. A ƙarshe hukuma za ta yi musu rajista ta ba su takardar shaida, wadda ke da wuri kuma a taimaka mata ta faɗaɗa, ta ɗauki mataimakiya. Tsakanin ɗakin Inna da na maƙwabtanta akwai wani sito da ya daɗe a kulle. Malama da kanta ta je ta shawo kan mai gidan. Za a fasa ƙofa daga falon Inna, yara bakwai su zama goma sha biyu. Birkila ya zo ya zana ƙofar da alli a bangonta. Ranar sau uku tana tashi ta je ta shafa zanen.

Mataimakiyar ma ba a sha wahalar nema ba. Matar mai walda ce, maƙwabciyar tata ta ɗaya gefen siton, wadda har ta yi 'ya'ya uku ana ce mata Amarya. Ta yi sakandare, tana da haƙuri, dama kuma ta saba leƙowa ta kama mata wanka.

Su goma sha tara ne a ajin, a wata makarantar firamare, a kan bencin yara. Inna ce babbarsu, gwiwoyinta suna tokarar tebur. "Da tsufana aka sa ni aji ɗaya," take cewa, "Allah ya sa ba a bulala." Amarya tana karanta mata abin da aka rubuta a allo. Ta koyi abubuwa da yawa. Ran da aka nuna musu da 'yar tsana yadda ake ceton yaron da abu ya shaƙe, ta tuna ita duk shekarun nan yatsa take cusawa, sai yanzu ta ji cewa hakan kan ƙara tura abin ciki. A hanya ta ce da Amarya, "Ashe Allah ne kawai yake ta rufa min asiri." Ta koyi zama da yaro a buɗe littafi, ita da ba ta iya karatu sosai ba sai ta riƙa ƙirƙiro labarin daga hoton, yau akuyar ta je asibiti, gobe ita ce likitan. Su ma sun koya a wurinta. In aka kawo maganar yaron da ya ƙi cin abinci, ko wanda yake cizo, Malama sai ta ajiye alli ta ce, "Inna, ke ya kike yi?"

Amma akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. Kusan shekara biyu ke nan abin da ke gefenta yana ɓace mata. Abin da ke gabanta sak tana ganinsa, na dama da na hagu kuwa sai ta juya kai. Takan buge da bakin ƙofa, takan ture kofi. Ta ɗora wa tsufa. Ta koyi ƙirga yaranta da kunne, ta kuma mayar da sakata abokiyarta, ƙofa kullum a rufe.

A sati na goma aka tura su asibiti gwaji, don sai da takardar likita ake rajista. Ƙirji lafiya, jini lafiya. A ɗakin ido ta faɗi manyan alamomin da ke jikin bango daidai, har ta fara gyara mayafi za ta tashi. Likitan ya ce ta dubi hancinsa, ya miƙa hannu can gefe.

"Mama, in kin ga yatsuna ki ce."

Ta jira. Ba ta gan su ba sai da suka zo kusan gaban fuskarta. Ya gwada ɗaya gefen, ya sa ta a na'ura, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya jawo kujera kusa da ita. Ya ce hawan jinin ido ne, ba irin yanar da ake cirewa ba ce. Daga gefe yake ci yana shigowa. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

"Yara nake riƙewa, likita."

"Na gani a takardarki," ya ce, bai kuma ƙara komai ba.

Ta ninke takardar gida huɗu ta tura ƙasan jaka. Ran Asabar Malama ta tambaya, ta ce sakamakon bai fito ba. Asabar ta gaba ma haka ta ce. Ita da take hana yara ƙarya, yau ga ta tana yi, amma ta ce a ranta sati ɗaya ya rage, in Amarya ta shigo ai ido huɗu ne.

Ran Talata abin ya faru. A cikin yaran akwai wata 'yar shekara biyu da Inna take kira Shiru, don ba ta kuka, ba ta surutu, tafiyarta ma kamar ta mage. Mai kawo gas ya zo da hantsi, Inna ta zare sakata, ya shigar da tukunya, ya fita, ta mayar. Yarinyar tana tsaye a hagunta, ta bi bayansa. Inna ta saurara, ta ji murya shida, kuma dama kullum shida take ji. Ta durƙusa ta hau canza wa jariri nafkin.

Ƙwanƙwasa ƙofa ce ta tashe ta. Mai faci ne, hannunsa duk baƙin mai, da Shiru a kafaɗarsa, takalminta ƙafa ɗaya.

"Inna, ga ajiyarki. A kwanar da manyan motoci suke juyawa na ɗauko ta. Direban ya taka burki har taya tana hayaƙi." Ya sassauta murya. "Ba abin da ya same ta. Ni kuma ba wanda zan gaya wa."

"Ni zan faɗa," ta ce.

Uwar Shiru a wannan falon ita ma ta yi rarrafe, Inna ce ta yaye ta daga shan yatsa. Da ta zo da yamma Inna ta zaunar da ita ta gaya mata komai, har da takardar da ke ƙasan jaka. Matar ta fizgo 'yarta, ta dudduba hannu da ƙafa, sannan ta ɗago.

"Tun yaushe kika sani?"

"Likita ya faɗa sati biyu ke nan. Ni kuwa na fi shekara ina ji a jikina."

"Kika kuma riƙa karɓarta a hannuna kullum da safe?"

Matar ta cire jakar yarinyar daga ƙusa ta fita, ko sallama babu. Washegari kafin jiniya sai ga ta a bakin ƙofa, idanu a kumbure, don ba ta da inda za ta kai ta, in kuma ta makara sau uku korarta za a yi. Inna ta ce ba za ta karɓa ba sai Amarya ta shigo ta zauna. Daga ranar ba ta ƙara wuni da yara ita kaɗai ba.

Malama ta karanta takardar likitan sau biyu. Ba ta yi faɗa ba, Inna kuwa ta so a ce ta yi. Ta je ofishin rajista har sau biyu tana roƙo a sa sunan Inna tunda da mataimakiya, aka ce ƙa'ida ba ta yarda ba: wadda sunanta yake kan takarda ita ce mai amsa tambaya in wani abu ya faru, dole idonta ya zama lafiya. Da ta dawo tana ba da haƙuri, Inna ce ta lallashe ta. "Gaskiyarsu ce, 'yar nan. Da 'yata ce ni ma haka zan ce." Aka mayar da rajistar sunan Amarya. Birkila ya dawo ya fasa ƙofar siton ta ɗakin mai walda. Zanen allin ya zauna a bangon Inna har sai da yara suka goge shi da kafaɗunsu.

Ranar ba da takardu mata goma sha takwas aka kira. Daga ƙarshe Malama ta kira Inna gaba, ta faɗi shekarunta a aikin, aka tashi tsaye ana tafi, aka ba ta takardar yabo a cikin gilashi. Ta yi godiya. Da suka koma benci ta ce da Amarya a hankali, "Ba ni taki in taɓa." Ta shafa hatimin da yatsa, ta miƙa mata.

Sabon wurin ya yi kyau, Inna da bakinta take faɗa. Ga iska, ga fenti, ga 'yar ƙofar ƙarfe da mai walda ya yi wa kicin. Yara goma sha biyu, da mataimakiya sabuwa, Malama tana leƙowa duk wata. Mata biyar da a da suke kulle 'ya'yansu a ɗaki ko su bar wa maƙwabta sun sami wuri. Inna takan shiga da safe ta zauna a kusurwa, a ɗora mata jarirai. Wata biyar tana haka, ganin yana ƙara tsukewa, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Wata rana wani yaro ya ce ruwa, ta miƙe kamar yadda ta saba, ta taka yatsun wani mai rarrafe. Bai karye ba, amma ya tsala ihu. Amarya ta rugo, ta ɗauke shi, ta kama hannun Inna ta mayar da ita kusurwa.

"Inna, don Allah zauna nan. Kar ki tashi sai na zo, kin ji?"

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Da taushi ta faɗa, da irin muryar da Inna da kanta ta koya mata yi wa yara magana. Can an jima ta jiyo ta daga kicin tana ce wa mataimakiyar, "Ki kula da na kan tabarma, ki kuma riƙa duba Inna." Nan ta gane cewa ba hannu take ƙara musu ba, aiki take ƙara musu. Washegari ta ce bayanta yana ciwo. Jibi ma haka. Ran na uku ta sa mai shago ya kira mata 'yarta.

'Yar ta zo ran Juma'a, ta kwana biyu tana ɗaure kaya. Tana naɗe tabarma ta ce, cikin wasa amma ba duka wasa ba, "Ni fa tunda aka haife ni ban taɓa samun cinyarki ni kaɗai ba."

"To ga ta nan kin samu," in ji Inna. "Sai dai kin yi mata girma."

Suka yi dariya, daga baya 'yar ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Ran Lahadi iyaye suka yi ta shigowa sallama. Uwar Shiru ta zo daga ƙarshe, ta durƙusa ta ce a yafe mata maganar da ta yi. Inna ta ce ita ce mai neman yafiya, suka yi ta ja-in-ja a kan haka har hawaye ya hana su ci gaba. Malama ma ta zo, ta ce za a buɗe sabon aji a wata unguwar, mata talatin, tana son muryar Inna ta je ko da ita ba ta je ba. Ta ajiye waya a kan katifa tana ɗaukar murya. Inna ta ce ita me ta sani, sannan ta yi magana fiye da awa ɗaya: yadda ake karɓar yaro a hannun uwar da ke sauri, yadda ake gane zazzaɓi kafin jiki ya yi zafi, abin da ake ce wa wanda aka makara ba a zo ɗaukarsa ba. Daga ƙarshe ta ce, "Ki bar ta tana ɗauka. Ku je a duba idanunku duk shekara. In kuma kun ji wani abu a jikinku, ku faɗa tun ranar. Ni ban faɗa ba."

Motar ta zo ran Litinin bayan azahar. Mai faci da mai walda suka loda kaya. Amarya ta fito da sauri tana goge hannu a zani.

"Inna, shigo ki yi musu sallama mana."

Inna ta karkata kai wajen tagar siton. Ba motsi, sai ƙarar fanka.

"Sun yi barci?"

"Yanzun nan na samu na ƙarshen ya kwanta."

"To bar su. In sun tashi da kuka ke za ki sha wahala."

Ta rungumi Amarya, 'yarta ta riƙe mata ƙofa ta shiga gaba. Direban ya tayar da mota, ya ga wata amalanke ta tare bakin layi, ya kai hannu zai danna oda. Inna ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"A'a, ɗana. Jira shi ya wuce."

Suka jira har mai amalanken ya gama juyawa, sannan motar ta fita a hankali.